Ruwan Wankina a Ƙofar Yaaba

A layinmu na Zongo ba sai an duba kalanda ake sanin Nowel, wato Kirsimeti, ta matso ba. Da Disamba ya raba tsakiya za ka ga maƙwabtanmu Kirista suna cigiyar gwangwanin sadin da aka cinye kifinsa. Su kwaɓa laka, su cusa a gwangwanin, su kife a ƙasa, sai ga ɗan bulo kamar sabulun wanka. In sun bushe, da su ake gina ɗan ɗaki a ƙofar gida, tsayinsa ba ya wuce ƙugu, a shafe shi da farar ƙasa, a yi masa fenti. Karesh suke kiransa. Wurin da aka haifi Annabi Isa suke tunawa, aminci ya tabbata a gare shi, yadda su suke ba da labarin. Mu Musulmi ba ma yi, amma muna kallo, har mu yaba wanda ya fi kyau.

Wanda ya fi kyau kuwa kullum na gidan ƙarshe ne, can gangaren layi. Mai gidan magini ne, ɗan ƙabilar Mosi, kareshinsa har da bene da tagogi. Matarsa muke kira Yaaba, wato kaka da harshensu na More. Tun ina amarya na tarar da ita tana zuwa Pissy fasa dutse, ta fita da sassafe da gudumarta a cikin kwano, ta dawo bayan la'asar. Hausa ta iya ta ras, a bakinmu ta koya, sai dai in ranta ya ɓaci More take komawa. Haihuwata ta fari, mahaifiyata tana can Nijar ba ta iso ba, Yaaba ce ta yi kwana bakwai tana hura mini wutar ruwan wanka kafin ta tafi aikinta.

A daminar shekarar da nake magana maginin ya rasu. Jikokinsu kuma uwarsu ta tafi da su can unguwar Dassasgho. Muka ɗauka bana ƙofar gidan ƙarshe haka za ta zauna. Sai wata yamma na ga Yaaba a tsugune, tana jera ƙananan bulo ita kaɗai. Ginin a karkace yake, ga laka ta yi yawa a wani gefen. Na ce, “Sannu da aiki, Yaaba.” Ta ce, “Ina koyo ne da tsufa.” Na yi dariya na wuce. Ban taɓa ganin ta buga bulo ba, kuma bai zo mini in tambayi inda ta samo su ba. Kwana biyar tana ɗora layi a kan layi, har ya kai gwiwa.

Layinmu ba kwalta, ba kwata. Kowane gida da ɗan bututu a gindin katanga, nan ruwan wanka da na wanke-wanke yake fita. Mai baho kuma ta leƙo ƙofa ta ce “A gafara, ruwa!” ta watsa. Haka muka tarar, haka muke yi, kuma kowace a cikinmu tsakar gidanta ƙal, ko abinci ka zubar ka iya ɗauka. Ƙazantar waje ba ta kowa ba ce.

Gidanmu yana kusa da masallacin unguwa. Ruwanmu yakan kwanta daidai inda maza ke bi, sai liman ya yi wa maigidana magana: mutum ya yi alwala a gida, ya zo ya taka abin da bai san asalinsa ba. Maigida ya ji kunya. Ya ɗauki fartanya ya ja wa ruwan hanya, ya kauce wa masallaci, ya bi jikin katangu ya yi gangare. Muka ji daɗi, mun yi abin lada. Ruwan yau da kullum ƙasa takan shanye shi kafin ya yi nisa, don haka ba wanda ya bi hanyar ya ga inda ta ƙare.

Saura mako guda Nowel maigida ya dawo daga tafiya. Direban babbar mota ne, kuma in ya dawo jakarsa kamar an tsamo ta daga bola. Na ce bari in haɗa da labule da zannuwan gado in huta. Na sayi ruwa barika biyu, wato manyan duro, wurin mai kura, na toshe bututun da tsumma don kada ruwa ya yi ta tsiyaya mutane suna wucewa. Na yi wanki tun hantsi, na ƙare da fararen rigunansa da na sa wa bula. Bayan azahar, da na tabbata an fito daga salla, na leƙa waje. Na dubi wajen masallaci, ba kowa. Na koma na zare tsumman. Ruwa ya fita da ƙarfi har yana ƙara, na tsaya ina jin daɗin yadda tsakar gidana ke tsanewa.

Gangare ban duba ba.

Da la'asar na fita sayen kayan miya. Ina bin gefen katanga, wani zare shuɗi yana tafe tare da ni a ƙasa. Har na ƙarasa gidan ƙarshe. Ruwan ya taru a gindin ɗan ɗakin Yaaba, ya jiƙa layin ƙasa, ginin ya zauna ya kife. Bulon sun narke sun koma taɓo, kumfar sabulu tana bushewa a kai, da leda baƙa guda biyu da ruwan ya kwaso a hanya. Yaaba ba ta dawo ba. Layin shiru.

Abin da na yi daga nan shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na juya gida, na ɗebo yashi a tasa, na barbaɗa a kan shuɗin da ke bakin bututunmu, na bi da tsintsiya. Sannan na shiga na rufe ƙofa.

Da ta dawo ban ji ihu ba. Hayaniyar mata ce ta fito da ni. Yaaba tana durƙushe, tana laluba taɓon da yatsu, in ta sami bulon da bai narke ba ta goge a zaninta ta sa a kwano. Mata sun kewaye ta, kowa da abin da take faɗa. Nan take laifi ya faɗa kan mai shinkafa, wata bazawara da ta zo daga Nijar, tana sayar da shinkafa da wake a tsakiyar layi, tana wanke tukwanenta a ƙofar gida.

“Ke ce kullum da ruwa! Ko agwagwa ta san ƙofarki.”

“Ni? Wallahi yau ko cokali ban wanke a waje ba! Ku tambayi Hajiya, ai tana nan.”

Ni ce Hajiyar. Duka suka juyo. Na ce, “Allah ya sawwaƙe.” Iyakar abin da na ce ke nan. Yaaba ta ɗago ta dube ni, ba ta daɗe ba, ta ɗauki kwanonta ta shiga gida.

Kwana biyu ina zagayawa ta wani layi in zan je kasuwa. In na tayar da salla, sai in ga yatsun nan a cikin taɓo, in rasa raka'a nawa na yi. Matan gidajen Kirista suka daina sayen shinkafa wurin baiwar Allah, ina ganin tana kwashe rabin tukunya tana mayarwa ciki. Ita kuma Yaaba in ta hango ni daga nesa takan ɗaga hannu, sai dai ba ta tsayawa. Shekara ashirin tana tsayawa.

Na gaya wa maigida. Ya ce, “Haba, laka ce fa. Ko ba ke ba, ruwan farko na damina zai cinye shi.” Na ce, “Malam, hanyar ruwan wa ya ja ta?” Ya juya hularsa a hannu. Can ya ce, “To me za ki yi? Ki gina mata? Ke da carbinki? Ki fara tambayar Malama.”

Malamar da ke koya mana karatu da hantsi tsohuwa ce mai kaifin baki, Allah ya ƙara mata lafiya. Na bari aka watse, na matsa kusa, na zayyana mata komai, har da yashin. Na ƙare da tambayar da na zo da ita: ya halatta Musulma ta sa hannu a irin wannan gini?

Ta zare tabarau ta dube ni. “Da za ki saki ruwan, kin zo kin tambaye ni?”

“A'a, Malama.”

“Da za ki rufe shi da yashi fa?”

Na sunkuyar da kai.

“To sai yanzu da za a gyara ne tsoron Allah ya kama ki. Bulo kika ɓata, bulo za ki mayar. Abin da za ta gina da shi, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Amma matar nan da kika bari da laifi, ita ta fi ba ni tsoro a kanki. Tashi, kada ki zauna mini nan kina kuka.”

Washegari, saura kwana huɗu Nowel, ina idar da sallar asuba na jira gari ya yi haske, na yafa mayafi na gangara. Ana sanyi. Na tarar da Yaaba tana ɗaure gudumarta. Na durƙusa har ƙasa, na gaishe ta, na ce mata da More, don ta ji daga inda ya fito, “Yaaba, maan sugri.” Ki yi haƙuri ke nan, ki yafe. “Ruwana ne.”

“Na sani.”

Na ɗago.

“Ruwan mai shinkafa maiƙo ne da ja. Shuɗi na masu fararen riguna ne. Ina da ido.”

“To don me ba ki faɗa ba?”

“In na faɗa a gaban mata, na rasa ɗaki, na rasa ke. Sai na ce bari in jira in gani. Kin daɗe.”

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon. Bulo tara ne a ciki. Ta ɗauko ɗaya ta miƙo mini, ta nuna wani ɗan lotsawa a bayansa, daidai girman babban yatsa. Ta ce da ciwo ya hana mijinta hawa gini, a inuwar mangwaro yake zama da gwangwani yana buga su, kullum kaɗan, don hannunsa bai saba zama haka ba. In ya danna lakar sai yatsansa ya fito. Ya cika kwali biyu, ya ce na Nowel ne, ta tura ƙarƙashin gado. Bai kai Nowel ɗin ba.

Na riƙe bulon nan, ban san inda zan ajiye shi ba. Na zo da niyyar in ce zan mayar mata da abin da na ɓata.

Da ƙyar na ce, “Zan buga miki wasu. Na san ba ɗaya ba ne.”

“Ba ɗaya ba ne,” in ji ta. Ta karɓi bulonta ta mayar cikin kwano. “Kuma ba na sake gini a hanyar ruwa. Je ki wurin mai shinkafa tukuna.” Ta ɗora kwanon gudumarta a ka ta fita. Ba ta ce ta yafe ba.

Mai shinkafa tana hura wuta na same ta, ga mata uku suna jiran wake. Na so in ja ta gefe, sai na tuna a gaban mutane aka kunyata ta. Na faɗa a nan. Ta miƙe da ludayi a hannu.

“La'ilaha illallahu! Hajiya mai carbi! Hajiya ‘Allah ya sawwaƙe’! Kina tsaye ana yayyaga ni?”

“Ina tsaye. Ki yafe mini don Allah.”

“Kwana uku ina cin shinkafata da kaina, dubi yadda na yi ƙiba!” Matan suka fashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Ta share ido da bakin zani. “Je ki, na yafe. Amma sai kin bi gida gida kin faɗa, da bakin nan naki mai ladabi.”

Na bi. Gida shida. Wasu suka ce ba komai, wata ta ce dama ta zarga. A kowane gida na roƙi gwangwanin sadin.

Maigida da ya ga abin ya kai haka, bai ƙara cewa laka ce ba. Ya cike hanyar ruwan da ya ja, ya haƙa rami mai zurfi a cikin gidanmu, kusa da wurin wanki, ya sa aka kawo masa tsakuwa amalanke guda daga Pissy aka zuba a ciki, aka rufe da murfi. Ruwa ya riƙa shiga yana nutsewa. Yana haƙa yana mita, wai ya tuka mota har bakin teku ya dawo ya zama mai haƙa masai. Amma ramin ya yi kyau, kuma maza biyu sun shigo sun duba yadda aka yi shi.

Ni kuma na kwaɓa laka a ƙofar Yaaba. Ban iya ba. Na farko suka fito kamar tuwon da ya kwana. Mai shinkafa ta zo kallo, ta ce, “Ke ko ƙosai haka kike yi? Ki jiƙa gwangwanin mana kafin ki cusa!” Ta tsuguna ta nuna mini, daga nan ba ta tashi ba. Matan gidajen Kirista biyu suka fito da nasu gwangwanin. Wata ta ce tun da za a shanya bulo sai an share wurin, ta ɗauko tsintsiya. Shara ta kai ƙofar na kusa, ita ma ta ji kunya ta fito. Kafin azahar an tara leda buhu uku daga gangaren nan, kuma na ga kalar ƙasar layinmu a wuraren da na manta da ita. Ba wanda ya kira taro. Ana yi ana tsokanar juna, wannan ta ce ledar waccan ce, ta gane ta da ƙanshin daddawa.

Yaaba ta dawo ta tarar da bulo a jere a rana, layi layi. Ta tsaya ta duba. Ta taka gangaren har ƙofarmu, ta ga an cike hanyar ruwa, ta dawo. Ta ɗauki bulo ɗaya ta juya shi, ta ce, “Wannan na mai shinkafa ne, ya yi kyau. Wannan naki ne.” Ta shige gida.

Kwana biyu suka bushe. Ita ta yi gininta, mu ba mu taɓa ba, sai miƙo mata laka. Bai kai na farko tsayi ba. Bulo takwas na mijinta ta jera su a bakin ƙofar ɗan ɗakin, na tara ta mayar ciki ta ajiye. Duk tsawon aikin tana magana da kowa, da ni kuwa sai “miƙo” da “ajiye”. Na ce a raina ko iyakar abin da zan samu ke nan, kuma ba ni da bakin neman ƙari.

Ranar jajibiri da la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kujera 'yar tsugune, ga murfin kwali, ga ragowar fenti a gwangwani da ɗan tsinke da ta tauna bakinsa.

“An ce kin yi lakwal, karatun boko, har kolej.”

“Na yi, Yaaba.”

“Mijina ne yake rubuta gaisuwar salla a jikin bango. Ni ban iya ba. Zauna.”

Ta ga na yi jim. Ta ce, “Kada ki ji tsoro, ba addu'armu za ki rubuta ba, ita tana bakina. Abin da nake so wa layin nan za ki rubuta. Da Hausa, ku ne kuka fi yawa, kuma ku ne kuka fi ruwa.”

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na tsoma tsinken.

“Rubuta: barka da Nowel ga kowa da kowa, mai coci da mai masallaci.” Na rubuta. “Rubuta: kowa ya bi ruwansa ya ga inda yake kwana.” Na rubuta. Ta ce in sa a daina jefa leda ta bayan katanga. Ta ce in sa wanda bai ga tsohuwa ta fito ba har hantsi ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ko ba danginsa ba ce, don tun da aka yi rasuwar akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita wuni guda ba wanda ya sani. Wannan ban san da shi ba. Gida biyar ne tsakaninmu. Na rubuta shi da ƙananan baƙaƙe don wuri ya fara ƙarewa.

“Saura wuri?”

“Kaɗan, a ƙasa.”

“To rubuta: wanda ya ɓata wa wani ya zo da wuri. Kada ya kai kwana uku, tsofaffi ba su da kwanakin jira.”

Na kai rabi hawaye ya ɗiga a kan fentin, harafi ɗaya ya baje. Na sa bakin mayafi zan goge, ta riƙe mini wuyan hannu. Tafinta kamar dutsen da take fasawa, amma riƙon a hankali ta yi shi.

“Bar shi haka, ana iya karantawa,” in ji ta. “Ƙarasa. Na yafe tun da na ga bulonki, don wanda ya buga abu mummuna haka har ɗari bai gudu ba, da gaske yake. Na bari ne ki ɗan ji yadda jira yake.”

Na ƙarasa layin. Ta karɓi kwalin ta riƙe shi a juye, ƙasa a sama, tana dubawa da kyau kamar mai duba kuskure. Na gyara mata shi. Ta ce in karanta mata tun daga farko, da ƙarfi, don mai shinkafa ta jiyo daga inda take.